Cinikin Biri A Sama: Sayen Jif Mai Giyar Hannu Daga Nesa

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi, ko a Agege yake zaune, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo a Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, in dai Allah Ya buɗa masa har ya tara 'yan kuɗi, da wuya a rasa wani buri guda a zuciyarsa, watau ya ga ranar da zai shiga garinsu cikin motar kansa, yara na biye da ita a guje. Motar da aka fi yi wa wannan buri a yanzu kuwa ita ce jif. A ƙasar nan kowace mota mai tsayin ƙafa jif ake ce mata, ko Toyota ce ko Nissan ko Mitsubishi, ko da yake asalin sunan na wata ƙira ce guda ta Amurka. Kuma cikin masu wannan buri akwai jama'a da yawa, musamman dattawa da tsofaffin direbobi, waɗanda suka kafe a kan lalle sai mai giyar hannu, ba su son wadda ke sake giya da kanta.

Ba a ce ba su da hujja ba. Mutumin da ya koyi tuƙi da Fijo 404 ko 504, irin waɗanda kamfanin Kaduna ya fara haɗawa a 1975, ya saba da jin mota a ƙafarsa ta hagu da hannunsa na dama. Ya san in ya bar kwalta ya shiga burji, ko rairayi, ko taɓon damina, shi ne zai zaɓar wa motar giyar da za ta fita da ita. Ya san in kuloci ya ƙone, bakaniken da ke bakin tashar garinsu zai sauke akwatin giya ya sa sabon faranti cikin yini guda, alhali kuwa in akwatin giyar otomatik ya lalace, sau da yawa sai an nemo wani sukutum daga Ladipo ko daga Kano. Ya san kuma in batir ya yi sanyi, samari huɗu sun isa su tura ta ta tashi. Amma fa a nan akwai ɗan gyara, domin motocin zamani masu aiki da kwamfuta, in batir ya mutu murus, ko gari duka ya taru ya tura, ba za su tashi ba.

To, matsalar ita ce abin da yake nema ya yi ƙaranci a kasuwa. Wanda ya zaga kasuwar motoci ta Berger a kan hanyar Apapa zuwa Oshodi zai ga jif jere har iyakar ganinsa, amma sai ya leƙa hamsin kafin ya ga guda mai ƙafa uku a ƙasan sitiyari. Dalili kuwa shi ne mafi yawan tokumbo da ake saukewa a Tin Kan da Apapa daga Amurka da Kanada suke zuwa, su kuwa mutanen can tuni suka yi ban kwana da giyar hannu. A 'yan shekarun nan, cikin kowace mota ɗari sabuwa da aka sayar a Amurka, masu giyar hannu ba su kai uku ba.

Ya kamata mai nema ya riƙe wasu shekaru a kansa, domin za su tsare masa dukiya. A kasuwar Amurka, Toyota 4Runner mai giyar hannu ta ƙare daga ƙirar 2000. RAV4 ta ƙare daga 2005, Honda CR-V kuma daga 2006. Highlander da Lexus RX, waɗanda suka cika titunan Ikko, ba a sayar da su da giyar hannu a can ba sam. Waɗanda suka ɗan jima su ne FJ Cruiser, har zuwa 2014, da Nissan Xterra, har zuwa 2015 lokacin da aka daina yin ta. Saboda haka in wani ya aiko da hoto ya ce ga RAV4 ƙirar 2012 'yar Amurka mai giyar hannu, to ɗayan biyu ne, ko dai ba daga Amurka ta zo ba, ko kuwa an taɓa ta. In kuma ya ce ga 'yar 2004 yanzu aka sauke ta daga jirgi, sai a tuna dokar shigo da kaya ta sa iyaka ga shekarun tsohuwar mota, kuma wannan ta wuce iyakar tuni. Ko dai ta daɗe tana aiki a ƙasar nan aka wanke ta aka cire lamba, ko kuwa ta biyo wata hanya.

Wannan ƙaranci shi ke jefa mutum hannun dilan nesa. Ya gaji da yawo, ga Salla ta matso, sai wani yaron shago ya nuna masa hoto a Facebook ko WhatsApp. Ga mota fes, baƙa wuluk, tana ƙyalli, ga sandar giya an ɗauko ta kusa. Mai ita yana Kwatano, ko Fatakwal, ko Kaduna, ko wani gari mai nisan kwana guda. A buga waya, sai a ji murya mai daɗi: "Ranka ya daɗe, Alhaji, wallahi wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, coci kawai take zuwa da ita. Mutum uku ke nan suna nema, amma na fi so ta shiga hannun babban mutum irinka. Ka sa kafin alƙalami yau, jibi direba ya kawo maka har ƙofar gida." Wannan tsohuwar Baturiya dai, in da za a ƙidaya motocin da aka ce ta hau, da ta fi kowane attajiri a duniya yawan motoci.

Wani zai ce ai ciniki daga nesa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, kuma gaskiya ne. Kakannin masu karanta wannan shafi sun yi fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kurmi tun babu waya, balle hoto. Mutum yana Kano zai aiko da shanu Badun, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, kuɗinsa kuma su iske shi. Wani yana Sakkwato zai aiko da kuɗi Shagamu, a sayi goro a ɗaure a huhu a ɗora masa, bai ga ko ƙwaya ɗaya ba sai ranar da kaya suka sauka. Amma sai a duba a ga a kan me wannan amana ta tsaya. A kan maigida ta tsaya, watau fatoma. Shi ke saukar da baƙo, shi ke ajiye masa kaya da kuɗi, dillalansa ke shiga kasuwa, kuma in mahauci ya ci bashi ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Yana da gidaje a unguwa, yana da iyali, yana da suna, kuma bisa kansa akwai Sarkin Hausawa da za a kai ƙara gare shi. Ba shi da inda zai gudu. Har wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960 domin ya fahimci wannan tsari, ya rubuta littafi a kansa aka buga a 1969.

To, dilan da ke cikin waya wa ya tsaya masa? Ina gidansa, wane ne maigidansa, gaban wane sarki za a kai shi? Abin da mai saye ya riƙe duka bai wuce lambar waya da lambar asusun banki ba, kuma lambar waya ana jefar da ita a kwata cikin minti guda. An ɗauki amanar da aka gada daga fataucin goro, an bar lamunin da ke riƙe da ita, sa'an nan in abu ya ɓaci a ce zamani ya lalace. Abin haushi ma shi ne mutumin da ba zai sayi rago ba sai ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya taɓa gadon baya, ya sa an zaga da shi, shi ne zai tura miliyoyin naira saboda hoto takwas da bidiyon minti ɗaya.

Malamai ma ba su bar wannan babi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Arewa da na Kurmi, ta halatta a sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma ta hana a sa sharaɗin biyan kuɗi tun ba a gani ba, sai fa in wurin kusa yake, ko kuwa abin irin wanda ba a jin tsoron sakewarsa ne, kamar gida ko fili. Bayanin wannan hukunci aikin malamai ne, su ya kamata a tambaya. Abin da kowa ya sani dai shi ne tsohuwar mota ba fili ba ce. Cikin dare ɗaya tana iya sake batir, ta sake tayu, har ta sake inji.

Akwai cuta iri biyu a wannan ciniki. Ta farko mai sauƙin bayani ce, watau babu motar ma sam. Hoton na wani ne aka sato. Mafi shahara a wannan fanni su ne masu shigar burtu da sunan jami'an kwastan, su sa hoton wani mai kaki, su ce ana gwanjon motocin da aka kama a Seme ko Idiroko a kan rabin kuɗi, a biya kuɗin fom, a biya kuɗin fito da ita, a biya kuɗin man direba. Hukumar Kwastan ta sha yin gargaɗi cewa ba ta sayar da mota ta hannun wani jami'i a Facebook, kuma tun 2017 ta buɗe shafinta na gwanjo a intanet. Duk da haka ba a fasa faɗawa ba, kuma yawancin waɗanda aka cuta ba su kai ƙara, saboda kunyar a ji a unguwa cewa an yi wa Alhaji wayo. Wannan kunya kuwa ita ce jarin ɗan damfara, domin da ita zai cuci maƙwabcin Alhaji gobe.

Cuta ta biyu ta fi wuyar kamawa, domin motar tana nan, dilan ma yana da fili da allo da rasit, sai dai abin da aka siffanta daban, abin da zai iso daban. Kuma a mota mai giyar hannu, abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda hoto ba ya iya nunawa. Hoto ba ya nuna kuloci. Bidiyo ba ya gaya wa mutum ko giya ta biyu tana gurnani in an shiga da ita da sauri, ko ta biyar tana fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur. Waɗannan sai an zauna a kujera. Gwajin kuwa ba wuya gare shi ba, kowane tsohon direba ya san shi. A ja birkin hannu, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a saki kuloci a hankali. In inji ya mutu nan take, faranti na da sauran rai. In kuwa ya ci gaba da aiki kamar ba a yi kome ba, to kuloci ya cinye. Sa'an nan a hau titi, a sa babbar giya ana tafiya sannu, a taka totur har ƙasa. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, magana guda ce. A nemi fili mai ƙasa a gwada giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, domin akwai jif da yawa a ƙasar nan da aka cire musu sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba ko na baya, suna tafiya da biyu, mai su bai sani ba sai ranar da ya kafe a mashigin rafi.

Har wa yau a iske motar da sanyin safiya, kafin kowa ya tashe ta. In an zo an taɓa murfin inji an ji ɗumi, to a tambayi dalili, domin injin da ya gaji ya fi tona asirin kansa a tashin farko. Hayaƙi mai shuɗi alama ce inji na shan baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa kuwa, tare da wani abu kamar madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai, alama ce ruwa na shiga inda bai kamata ba. Duk wannan bai fi aikin sa'a guda ba ga bakanike, amma sa'a ce da ba a yin ta ta waya.

Sai kuma maganar juye. Ƙasashen da giyar hannu ta yi yawa a cikinsu har da Ingila, su kuwa sitiyarinsu a dama yake, haka ma motocin da aka yi domin Japan. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Saboda haka sai a sayo su da araha, a kai gareji a juye sitiyari da birki da kuloci zuwa hagu. Wani juyen ana yin sa da kayan kirki, wani kuwa da walda da yanke-yanke, kuma rai ne ake ɗorawa a kan wannan walda a gangaren Jebba. Mai lura zai gane, domin sau da yawa masharan gilashi suna kwanciya ta ɓangaren da ba daidai ba, makunnan tagogi huɗu suna ƙofar fasinja, mabuɗin murfin inji ma yana can dama. Akwai kuma juye na biyu, wanda ƙarancin nan ya haifar, watau a ɗauki jif otomatik da akwatin giyarta ya mutu, a dasa mata na hannu, a sayar wa Alhaji mai neman giyar hannu da tsada. In an kunna mota aka ga haruffan P da R da N da D a allon gaban direba, alhali ga sandar giyar hannu, to ba a bukatar wani shaida.

Wanda ya samu ta Turai ta ainihi, daga Jamus ko Beljiyam ko Holan, sitiyari a hagu, giyar hannu daga kamfani, ya yi sa'a, amma shi ma da sauran tambaya. Yawancin jif na can masu shan gas ne, watau dizal, kuma waɗanda aka ƙera daga wajen 2010 zuwa sama suna da wani matacin hayaƙi a bututun salansa wanda ke son gas mai tsabta da doguwar tafiya. Cunkoson Ikko da gas ɗin bakin hanya suna toshe shi, in ya toshe kuwa mota ta rasa ƙarfi, gyaransa kuma ba na bakaniken bakin tasha ba ne. Ke nan an gudu daga otomatik don a sami mota mai sauƙin gyara a ƙauye, an faɗa wa wadda ta fi ta wuya. Wadda ta dace da wannan buri sosai ita ce Land Cruiser ƙirar 70, wadda Toyota ke yi tun 1984 kuma ƙungiyoyin agaji ke shiga daji da ita, sai Prado da Pajero masu shan fetur irin na ƙasashen Larabawa. Amma masu irin waɗannan ba su cika rabuwa da su ba, kuma in sun tashi sayarwa ba a araha ba ne.

Abu guda da nisa ba ya hana a bincika shi ne lambar shasi. Tun 1981 motocin Amurka suna ɗauke da lamba mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba da kuma jikin ƙofa, kuma na goma a cikinsu shi ke nuna shekarar ƙira. Da wannan lamba yaro mai waya zai iya duba tarihin motar a wurare irin su Carfax, ya ga ko ta taɓa haɗari, ko kamfanin inshora ya yanke mata hukuncin ba ta gyaruwa. Motoci masu yawa da ke zuwa nan daga gwanjon irin waɗannan ake sayo su, a gyara a Ikko ko Kwatano. Ba laifi ba ne a sayar da gyararriyar mota, laifin shi ne a ɓoye. Mafi sharri su ne waɗanda ruwa ya ci. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017 sun nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, kuma motar da ta kwana cikin ruwa wayoyinta ba su sake yin lafiya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a sansana, a dubi ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa. A sa bakanike ya shiga ƙarƙashi, domin a Kanada da arewacin Amurka gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin shasi har ya huje. Agogon tafiya kuma ba abin dogara ba ne, ana mai da shi baya. Ko da ba a taɓa shi ba, a tuna na Amurka mil yake ƙirgawa, mil 150,000 kuwa kilomita 240,000 ne. Robar da ke kan kuloci da santsin sitiyari sun fi agogo faɗin gaskiya. Dilan da aka ce ya aiko da hoton lambar shasi ya fara kame-kame, ya riga ya ba da amsa.

To, a ce mota lafiya lau take. Saura takarda, kuma a nan ne 'yan Arewa suka fi kowa shan wuya, saboda su ne masu doguwar tafiya. Motar da ke yawo tsakanin Mushin da Oshodi tana iya shekara biyar ba wanda ya tambayi takardar kwastan ɗinta. Wadda za ta tashi daga Ikko ta bi Badun, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, har Kano ko Sakkwato, tafiyar kilomita dubu ko fiye, sai ta wuce shingayen jami'an kwastan masu sintiri, na shiyyar Ikeja da na shiyyar Kaduna. A watan Disamba 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar hana shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta kan iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairu 2017. A watan Agusta 2019 kuma aka rufe iyakokin, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Motoci ba su daina fitowa daga filayen Kwatano ba a waɗannan shekaru, ta daji suka riƙa biyowa da dare, aka yi musu takardu a ɗaki. Irin wannan takarda tana da hatimi da sa hannu da kome, sai ranar da jami'i ya buga lambarta a na'ura. A ranar nan ba dila za a sauke a bakin hanya da mata da yara da kayan Salla ba.

Tun 2022 kwastan ke ƙiyasta kuɗin fito bisa lambar shasi, kuma da dala ake lissafin. A watan Mayu 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin sayen mota a waje da na jirgi da na fito duk suka bi ta. Saboda haka in an ga jif tokumbo da farashinta ya faɗo ƙasa da na 'yan'uwanta nesa ba kusa ba, to akwai wanda ba a biya ba, ko gwamnati, ko kuwa mai motar na ainihi. Wannan na biyun ba zance ba ne kawai, domin a watan Satumba 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka kawo ƙasar nan. Waɗanda aka karɓe su daga hannunsu, wasu da kuɗinsu suka saya. Hanyar tsira ita ce a ɗauki takardun fito a je ofishin kwastan a tabbatar da su kafin a biya, a kuma gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin mota, harafi bayan harafi.

Ko an tsallake duk wannan, akwai "direba zai kawo maka". Direban kawo mota ba tasa ba ce, kuma sauri yake ya koma ya ɗauko wata. Wani zai cika ta da fasinja da buhuna, ya ƙona kulocin da aka sayi motar dominsa. Wani zai tsaya a hanya a sauya batir da tayu. Akwai kuma wani abu a cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda bakanikai ke kira indomi, yana da tsada ƙwarai, ana fasa salansa a kwashe shi a mai da walda. In mota ta iso aka yi ƙorafi, dila ya ce lafiya ta bar hannunsa, direba ya ce haka aka ba shi. Wa za a kama?

Masu aikawa da kuɗi suna da uzurinsu, kuma ya kamata a saurare shi. Mai rumfa a Mil 12, ko mai canji, ko mai shanu a Oko-Oba, zai ce in ya bar wurin sana'arsa kwana uku asarar da zai yi ba kaɗan ba ce, ga kuɗin mota, ga masauki, ga na bakanike, ga hatsarin hanya, kuma wataƙila ya je ya tarar motar ba ta yi masa ba ya dawo hannu rabbana. Haka ne. Amma a auna kuɗin wannan tafiya da kuɗin motar, za a ga ko kashi biyu cikin ɗari da wuya ya kai. Tafiyar da aka je aka ga aibu aka fasa, ita ce ma ta fi kowace riba. In kuwa da gaske mutum ba shi da halin zuwa, to ya koma ga tsarin kakanninsa. Babu babban gari a Kudu da ba shi da unguwar Hausawa da sarkinta, daga Sabo zuwa Ama Hausa ta Owerri zuwa kasuwar shanu ta Lokpanta, kuma Kwatano ma da zangonta. Ya nemi mutum sananne mai gida da iyali a garin da motar take, ya aika masa da bakaniken da shi mai saye ya zaɓa kuma shi zai biya, kuɗi su zauna a hannun wannan mutum har sai an gwada mota an tabbatar da takarda. A ba shi la'adarsa a fili. Bakaniken da dila ya kawo kuwa, ko ɗan garinku ne, na dila ne.

A nan sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna da aikin da suka bari. Suna sasanta rigimar aure da ta rumfa da ta bashi, amma sai bayan an cuci mutum ake zuwa gare su da kuka. Me zai hana kowace fada ta san dilolin mota biyu ko uku da bakanikai da za ta iya tsaya musu, ta kuma riƙa sanar da takwarorinta na sauran garuruwa sunan duk wanda aka kama da cuta? Da haka aka tsare cinikin goro shekara da shekaru. Kuma a daina jin nauyin rubutu. Ciniki na miliyoyi ya cancanci takarda mai ɗauke da lambar shasi, da lambar inji, da cikakken sunan mai sayarwa kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, da shaidu biyu, da sharaɗin cewa in takardar kwastan ta fito ta jabu zai mai da kuɗi. Asusun da za a tura kuɗin ma ya zama da wannan suna, ba na wani ƙane ko wata mata ba.

Wani abu kuma da ya kamata mai neman giyar hannu ya sani shi ne a Kudu shi ne mai ƙarfi a ciniki, ba dila ba. Mutanen Ikko ba su son ta, domin wanda ya yi sa'a biyu a cunkoson gadar Third Mainland yana taka kuloci ya san abin da gwiwarsa ta gaya masa. Irin wannan mota takan daɗe a fili ba mai taya ta. Maganar "mutum uku na nema" ta waya ce kawai. Haka kuma shi kansa ya tambayi zuciyarsa, wata goma sha ɗaya motar za ta yi a Kudu, wata guda a gida, kuma ran da zai sayar da ita zai gamu da ƙarancin masu saye irin wanda dila ya gamu da shi. Wasu akwatunan otomatik da ke mutuwa a ƙasar nan, man da ba nasu ba aka zuba musu. Wanda ya yarda da otomatik zai sami mota a garin da yake zaune, ya gwada ta sau uku in ya so, ya san ƙofar dilan.

Wanda kuwa ya ce shi dai sai giyar hannu, kuma sai daga nesa, to ya fara nema tun saura wata biyu ko uku tafiya, kada ya bari sai an shiga goman ƙarshe na azumi, lokacin da farashi ke hawa kuma ba ya iya cewa a'a. In ta zo hannu ya yi mako biyu yana hawanta a cikin gari, ya juye baƙin mai da man giya, ya sa a duba bel ɗin inji da birki da lagireto, ya dubi shekarar da aka buga a jikin tayu, ya gama canjin suna da lamba, kana ya ɗora iyali ya kama hanyar Ilori.